Jirgin da Baba Ya Hana Ni

A shekarar 1973 na gama lise, wato babbar sakandare, a Yamai, hanya biyu a gabana: ko makarantar horar da malamai, ko sojan sama, waɗanda na ci jarrabawarsu, su kai ni Faransa koyon tuƙi. Ni kam zuciyata ta riga ta tashi sama. Sai dai ban cika ashirin da ɗaya ba, dole mahaifina ya dangwala yatsa a takardar amincewa, kuma kwana goma aka ba ni.

Na aika wasiƙa ƙauyenmu, gabas da Filinge. Amsar mahaifina, Baushe, ta dawo a bakin direban motar kasuwa: "Baushe ya ce a'a. Ka yi aikin mushe, malamin boko, ka koyar da yara."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba ba ya salla, shi ke yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya in ruwa ya yi jinkiri, don haka na yanke cewa tsoro yake kada in tsokano masu sama. Lokacin nan, da takardar bakaloriya ta gama lise a aljihu, gani nake duk ƙasarmu ta Kurfai ba mai kai sai ni. Na hau mota ina shirya jawabin da zan zuba masa.

Abin da na tarar ya wuce zatona. Damina ta uku ke nan ba ta yi ba. Rumbuna wayam, garke ya koma akuya biyu, innata Tanne tana jiƙa 'ya'yan anza don ɗacinsu ya fita a samu na ci. Baba yana zaune yana gyaran ƙotar hauya, kamar gobe za a yi shuka.

Na durƙusa na gaishe shi. Jawabi ya gudu, sai tambaya ta rage.

"Baba, don mi ka hana ni?"

Ya kira sunana. "Kailu, wana Gado jirgi ya kihe da shi hanyar Kurmi, ko gawa ba mu gani ba. Mu mutanen tudu na, ba Sarkawa ba. Ɗana ba shi tuƙin jirgi ina da rai."

Sai na gane. Don iyayi, da Faransanci na rubuta wa ubana wasiƙa. Hamidu tsohon soja ne ya karanta masa, ya ce tuƙin jirgi, ya tsaya nan. A garin da maza ke ƙetare kogi zuwa cin rani, jirgi ai na ruwa ne. Kunya ta rufe ni.

"Baba, ba na ruwa ba. Na sama."

Ya ajiye hauya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Na ce a raina yanzu ne ma zai hana da gaske.

"Awa wanda ya kawo dawa Filinge watan jiya?"

"Shi fa, Baba."

"Har cikin hadari kuke shiga?"

"Har bisa gare shi."

Ya yi dariya, irin wadda inna ta ce rabonta da ji tun damina ta ƙarshe.

"Shekara ukku ina yanka, ina kira, ba a amsa ba. Wataƙila muryata ba ta kaiwa. Kawo takarda. In ka hau, ka duba muna abin da ya riƙe ruwanga."

Ya dangwala. Yatsan ya sha hauya har zanensa ya fito da tsaga a tsakiya.

Damina ta zagayo ina Faransa, muna fama da lissafi da karatun iska, ko kujerar matuƙi ba a bari na zauna ba tukuna. Sai ga wasiƙa da rubutun Hamidu, wannan karon da Hausa: "Ruwa ya sauka, gero ya yi kai. Baushe ya ce a gaya maka ya gode da ka sako ruwan, ka yi aiki."

Na zauna a bakin gado na yi kuka. Na amsa masa da Hausa, kuma ban gyara masa kuskuren ba. Na dai rubuta: "Baba, ni ke da godiya. Kai ka aike ni."