Kibiyar da Ta Ƙi Tsayawa

Tun ƙarfe takwas na safe nake kokawa da bango ɗaya. Bango ɗaya tak, wanda ya raba kicin da ɗakin ajiya a zanen gidan wani likita. Sai in kai kibiyar maus ɗin kwamfuta daidai kusurwa, in zo dannawa, sai ta yi tsalle gefe kamar ƙuda ya taɓa ta, layin ya karkace. In goge, in sake. Sau goma sha ɗaya na ƙirga, daga nan na daina ƙirge saboda raina ya gama ɓaci.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina zanen gine-gine a ofishin nan, tun zamanin takarda da fensir. Amma makon jiya na miƙa zanen da ƙofar banɗaki ta goce har ta buɗe a kan matakala, sai da birkiloli suka aza bulo jeri uku kafin wani ya lura. Manaja ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce yana ganin girmana, amma in aka sake samun irin wannan, zai mayar da ni ɗakin fayil, ya ba wani kujerata. Ɗakin fayil kuwa can ne ake ajiye mutum har ya gaji ya tafi da kansa. Likitan zai zo karɓar zanensa ƙarfe biyu.

Na juya maus ɗin na hura ɗan jan idon da ke ƙarƙashinsa, na goge da gefen riga. Na cire batir na sa sabo. Na ɗauke shimfiɗar robar da yake kai, wadda ta yi sulɓi a tsakiya saboda tsufa, na sa farar takarda. Minti biyu abin ya lafa, har na fara jin kaina gwani, sai kibiyar ta koma rawarta. Na je teburin sakatariya na aro nata mai waya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: nata ya fi nawa saurin tsiya, in ka taɓa shi kaɗan sai ya kai ka bangon maƙwabci.

Ƙarfe goma sha ɗaya na haƙura na kira mai gyaran kwamfutocinmu. Injiniya muke ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin takardarsa. Sa'ana ne, tare muka yi furfura a ginin nan, kuma ba ya shiga ɗaki bai tsokani mutum ba.

"Mai Zane, yau kuma wa ka kashe? Firinta ko kwamfuta?"

"Ka bar surutu ka duba wannan tarkacen da kuka sayo mana. Kibiya ta ƙi tsayawa wuri ɗaya."

Ya ja kujera ya zauna. Ya canza ramin da aka soka maus ɗin, ya matsar da wayata daga kusa da shi, ya duba ko wata manhaja ce ke cinye ƙarfin na'urar. Ya kashe ya kunna. Sannan ya kama maus ɗin ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, sambal, ya sake jan wani.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

"Haka yake yi in ya ga baƙo. Kai dai jira."

Na karɓa. Ban kai rabin bangon ba ta fara. Na nuna masa allon da ɗayan hannun, ina jin daɗin an kama ɓarawo a gaban shaida. Na ce, "To ga shi nan. Ƙarya nake yi?"

Bai kalli allon ba. Abin da ya fara ba ni haushi ke nan. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani sabon maus a kwali, ya yage ledar a gabana, ya haɗa. Na kama, ta yi rawa. Ya kama, ta tsaya. Na ce to teburin ne ke girgiza, ya danna teburin da gwiwar hannu, bai motsa ba. Na ce fankar sama ce, ya tashi ya kashe fankar ba tare da ya yi mini dariya ba, kuma rashin dariyar nan ya tsorata ni.

Ya tura ƙofa ya rufe. Ya ce, "Ɗora hannunka a kai. Kada ka ja komai, ka bar shi kawai."

"Wasan yara za mu yi?"

"Ɗora, ɗan'uwa."

Na ɗora. Kibiyar na tsakiyar fari fat, tana karkarwa a hankali, hagu da dama, hagu da dama. Ya ce in ɗaga. Na ɗaga, ta tsaya cak. Na sake ɗorawa da kaina ba tare da ya ce ba, na danne da ƙarfi har yatsuna suka yi fari. Ta ci gaba da abinta.

Wallahi a lokacin da zan iya da na mare shi. Ba don ya yi laifi ba, sai don ya gani. Na ce shayi ne na sha da yawa. Na ce ban yi barci sosai ba. Ya gyaɗa kai ga kowanne kamar mai sauraron mai tallar magani.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun yaushe me?"

Ya kalli hannuna. Ni ma na kalli hannun a kan cinyata. Wata huɗu ne, ko biyar. Na san lokacin da na daina sa hannu a takarda in akwai mutum tsaye a kaina.

Injiniya bai yi mini wa'azi ba. Ya rage saurin kibiyar har ƙasa, ya kunna abin da ke sa layi ya manne wa kusurwa da kansa, wanda na daɗe ina kashewa ina cewa na ragwaye ne. Ya naɗe tawul ɗin goge allo ya tura ƙarƙashin wuyan hannuna. Ya ce, "Wannan zai kai ka ƙarfe biyu. Ba zai kai ka baɗi ba. Ka je asibiti, irin wannan ciwon ba duka ba ne ba su da magani."

Na ja bangon. Ya tsaya inda ya kamata. Maimakon daɗi sai baƙin ciki ya kama ni, ni da a da nake jan dogon layi da fensir ba tare da rula ba.

Ƙarfe biyu saura kwata na gama. Ina fitar da zanen sai ga Manaja ya leƙo da wani ƙaton fayil a hammata. Ya ga Injiniya yana naɗe wayoyi, ya ce, "An gano matsalar?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba, sai Injiniya ya riga ni.

"Maus ɗin ne, ranka ya daɗe. Ya tsufa. Na canza."

Manaja ya saki fuska. Ya ce ai shi ma ya san ba halina ba ne, har ya ba ni haƙuri a kan maganar makon jiya. Sannan ya miƙo mini fayil ɗin. Makaranta ce, bene hawa uku, ajujuwa ashirin da huɗu, matakala biyu. Ya ce ba zai ba kowa ba sai wanda ya yarda da hannunsa.

Injiniya ya sunkuyar da kai yana ta neman wani abu a cikin jakarsa. Manaja na tsaye, fayil a miƙe, yana jira. Na sa hannu biyu na karɓa, na manna shi a ƙirji da sauri don kada takardun su yi ƙara.