Hoto na Biyar a Bangon Kulob

Kwana goma sha biyu da binne mijina Wilmar, sai shugaban kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa, Don Aparicio, ya aiko a ce mini kwamiti zai zauna ranar Asabar da la'asar, amma in ban samu zuwa ba kowa zai fahimta. Na je. Ba abin da nake yi a gida sai zama.

Kulob ɗin, Paso Hondo, zai cika shekara casa'in, aka yanke shawarar a rataya hotunan 'yan wasa biyar da suka fi kowa a tarihinsa a bangon zaure. Mu bakwai ne a kwamitin, ni kaɗai ce mace. Ba don Wilmar aka sa ni ba. Tun ina 'yar shekara tara babana yake kai ni fili, ban kuma daina zuwa ba.

Da na shiga duk suka miƙe. Aka ba ni kujerar da ba ta rawa, aka miƙo mini ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, kafin kowa. Na sha, ban ji ɗacinsa ba.

Huɗun farko ba su ba da wahala ba. Duk sun mutu, biyu daga ciki ma ba wanda ya taɓa ganin wasansu a cikinmu. A na biyar ne aka tsaya, sunaye biyu suka rage. Ɗaya Heber Olivera ne, ɗan gaban da ya ci ƙwallaye biyun da suka ba mu kofin lardi a tamanin da ɗaya, kofi ɗaya tilo da muka taɓa ɗauka. Ɗayan kuma Wilmar, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana tsaron baya ta hagu.

Yamandú, aminin Wilmar, shi ya fara. "Kakar wasa biyu Heber ya yi mana. Ya tattara ya tafi babban birni, Montevideo, da ƙafarsa ta fara sanyi ya dawo ya sa rigar 'yan ƙetaren kogi, har ya ci mu ya yi murna a gabanmu. Shi za mu rataya?"

Nelson, wanda muke kira Dogo, ya ce, "Bangon gwanaye aka ce, mutumina, ba bangon masu zaman gida ba. In daɗewa ce, a rataya hoton Don Aparicio, ya fi turakun raga daɗewa a filin nan."

Aka yi dariya, sai suka tuna ina wurin, dariyar ta yanke.

Dogo ya ce, "Ki yi haƙuri, Doña Zulma."

Na ce, "Ci gaba."

Ya ci gaba, amma ya sassauta murya. Ya ce Wilmar mutumin kirki ne, ba mai musu, sai dai a shekara goma sha huɗu ƙwallo uku ya ci, ɗaya ma a ragarmu. Yamandú ya ce ai ba a auna ɗan baya da ƙwallaye. Ya tuna musu ranar da Wilmar ya ƙarasa wasa da karyayyen hanci, jini har wuyan riga. Dogo ya ce wasan nan ci huɗu aka yi mana.

Ina jin su kamar rediyon maƙwabta. Ina ta kallon wurin da fenti ya ɓare a bangon, ina tunanin sai an gyara kafin a kafa ƙusa. Na yi ƙoƙarin tuno fuskar Wilmar a fili, abin da ya zo mini kawai shi ne yadda yake jan safarsa sama kafin bugun kusurwa. Shi ɗin ma bai motsa mini komai ba.

Don Aparicio ya ce a ɗaga hannu. Uku suka ɗaga wa Heber, uku suka ɗaga wa Wilmar. Na lura biyu daga cikin na Wilmar ba su kalli kowa ba. A watan jiya, yana da rai, na ji su da kunnena suna cewa ba ya cikin goman farko ma.

Don Aparicio ya ce, "Doña Zulma, in kin ga da nauyi, sai mu ɗage zuwa wani makon."

Na ce, "Heber."

Yamandú ya ajiye butar ruwan zafi a hankali.

"Zulma, mijinki ne fa."

"Na sani. Na kuma ga wasansu su biyun. Heber ya fi shi iya ƙwallo."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Don Aparicio ya rubuta sunan a takarda, aka koma maganar wanda zai kawo nama da itace ranar biki. Na ce ni zan kawo burodi.

Ranar bikin an yi yayyafi da rana, aka janye gashin naman ƙarƙashin rumfa. 'Yar Heber ta kawo shi daga Montevideo a mota. Ya rame, yana dogara sanda, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Da aka yaye mayafin hotunan aka tafa masa, har da Yamandú, sau biyu ko uku. Heber ya daɗe yana kallon kansa yana ɗan shekara ashirin da biyu. Sannan ya juyo yana duba fuskoki, ya gane ni.

"Zulma. Ina Wilmar ya ɓuya?"

Ashe ba wanda ya gaya masa. Na ce, "Ya rasu. Wata biyu ke nan."

Ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce, "Ƙwallo ta biyu a wasan ƙarshen nan, shi ya ƙwace ta a tsakiya ya ba ni. Ba wanda yake faɗar wannan."

Na ce, "Ba shi ba ne. Sosa ne ya ba ka. Wilmar yana can baya."

Ya dube ni, ya ɗan yi tunani. "Haka ne kuwa. Sosa ne."

Muka zauna gefe da gefe. Aka kawo mana nama a faranti ɗaya. Haƙoransa ba sa iya tauna, na yanyanka masa ƙanana, na ci nawa. Da suka tafi na taya aka kwashe kujeru, na taka zuwa gida da ƙafa. Asabar da ta biyo baya muna da wasa a gida, na je na zauna inda na saba, aka tashi ba ci.