Farin Tawul

Fumie ta kasa zama lafiya. Tun da aka fara bitar take kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ranar buɗe farauta guda, a ce an tara masu shagon bindiga a ɗakin taro ana koya musu abin da suka sani tun suna yara! Shagonta a kulle, mijinta Noboru yana kan dutse da abokansa, ita kuma tana nan ana gaya mata harsashi da bindiga ba sa kwana akwati ɗaya.

"Ke Fumie, bar girgiza teburin nan," in ji Hamada, mai shagon da ke bayan tasha. "Shayina zai zube."

"To ka shanye mana."

Mai koyarwar, wata 'yar sanda mai sanyin murya, ta haska hoto a bango. Barewa ce ta juya baya cikin ciyawa, ba abin da ake gani sai farin gindinta. Ta sake haska wani. Ciyawa ce dai, da wani fari a tsakiya.

"Wannan fa?"

"Barewa," in ji kowa.

"Mutum ne. Ya ɗaura farin tawul a ka, ya sunkuya. Rigarsa mai ruwan lemo tana jikinsa, ciyawa ce ta rufe ta. Duk wanda ya zo sayen harsashi wurinku, ku ja masa kunne: kada fari ya shiga daji."

Hamada ya zungure ta yana dariya. "Ai ga uwar tawul nan."

Fumie ba ta yi dariya ba. Kowane shago a garin yana raba wa masu ciniki tawul mai sunansa, ita ma makon jiya ta raba nata, fari fat, don sunan shago ya fi fitowa a kan fari. Kuma yau da safe ita da hannunta ta ɗaura wa Noboru ɗaya a ka, saboda gumi na shiga masa ido. Noboru kuwa ba ya cikin masu tsayawa da bindiga. Shi ke kutsawa cikin ciyawa yana koro musu barewa.

Ta kira wayarsa. Ina! Dutsen nan waya ba ta taɓa kamawa a kansa ba. Ta suri jaka ta miƙe.

"Malama Fumie, ba mu gama ba," in ji 'yar sandar.

"Ku gama, Hamada zai ba ni labari."

Hanyar ta ƙi ƙarewa. Ta bayan gari wata motar madara ta shiga gabanta tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ga kwana a kan kwana, ba wurin wucewa. Fumie ta zagi direban, ta zagi shanun, ta zagi mutumin da ya buga mata tawul ɗin, sannan ta dawo kan kanta. Tsoro take ji, tsoro sosai.

Inda kwalta ta ƙare ta tarar da motocin su Noboru a jere, ba kowa. Ta fito za ta hau dutsen, sai ta dubi jikinta: farar riga ta sa don zuwa taro. Ta ƙwala kiran sunansa, iska ta haɗiye. Can sama shiru, ba a yi harbi ba tukuna, kuma shirun ne ya fi tayar mata da hankali.

Akwai abin da ba a yi wa maharba: hayaniya ana cikin farauta. Ta sani sarai, ɗiyar maharbi ce. Ta koma mota ta ɗora hannu biyu a kan hon, ta danna, ta ƙi sakewa.

Maharban suka sauko ɗaya bayan ɗaya, ransu a ɓace.

"Noboru, an zo ɗaukarka daga makaranta!" in ji wani.

"Ko nono ne ya yi mata yawa?"

Noboru ya taho fuska ja wur, tawul ɗin na kansa. Kafin ya buɗe baki ta fizge shi ta cusa a jaka.

"Ke lafiyarki kuwa? Tun safe nake rarrafe cikin ciyawar nan kamar kare, sai da na kawo barewa bakin bindiga za ki zo ki yi mana biki? Da wane ido zan kalli mutanen nan?"

"Baban Aki, ka saurara..."

"Ba na saurarawa!"

Ya juya yana ba abokansa haƙuri, yana sunkuyar da kai ga kowa. Baba Kuroiwa ne ya sauko ƙarshe, dattijon da ya koya wa Noboru farauta tun yana saurayi. Ya zauna a bayan motarsa ya buɗe bindiga, amma harsashin ya ƙi kamuwa. Fumie ta je ta rusuna a gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri, na ɓata maka farauta."

Sai da ya samu ya zare harsashin sannan ya miƙo mata bindigar, bai ɗago kai ba.

"Kai ta shago, 'yar nan. A sayar."

"Haba Baba, don wannan ɗan abin?"

"Na saita wata barewa," ya ce a hankali. "Fara tas, tana motsi a ciyawa. Yatsana na kan kunama. Da kika danna hon, sai barewar ta miƙe tsaye ta yi ashar." Ya dubi inda Noboru yake. "Kada ki ce in gaya masa. Ba zan iya ba."

Ta zauna daɓas a kan tsakuwa, bindigar a cinya, hawaye na zuba. Noboru ya waiwayo ya gan ta, ya buga tsaki.

"Ku duba min fa," ya ce wa abokansa. "Ita ta kore mana nama, kuma ita ce da kuka."