Gibin da Isyaku Ya Bari

Kowace Juma'a, ranar kasuwar Wudil, Haladu direba kan kawo wa Malam Halliru kaset ɗaya daga Jos. Yelwa, matar Halliru, ta tsani kaset ɗin nan kamar me. Da zarar ya iso, to tuwonta ya gama hucewa ke nan.

Halliru da abokinsa Isyaku tare suke babban digiri na lissafi tun kafin a kawo ta gidan. Da arzikin mai ya tumbatsa aka shiga buɗe makarantu, sai aka watsa su koyarwa, ɗaya Wudil, ɗaya Jos. Karatu dai bai yanke ba. Isyaku zai karanto mataki ɗaya na lissafin a kaset, ya yi shiru, ya bar gibi. Halliru ya naɗi nasa matakin a gibin, ya mayar masa. A cikinsu ba wanda ya taɓa kai aiki ƙarshe shi kaɗai.

Isyaku bahago ne, kuma ba ya magana sai ya yi gyaran murya. In ya zo hutu, a zaure yake tsayawa kamar kowane baƙo namiji, ya tsokane ta kan wata miya da ta taɓa cika wa gishiri: "Mai gishiri, ɗalibin nawa yana ciki?"

Kwatsam, sabuwar motar Isyaku ta ƙwace masa a hanyar Ningi, ya rasu. Kaset ɗinsa na ƙarshe ya iso bayan sadakar uku. Saura mataki guda a kammala aikin, ga jarrabawar baka ta ƙarato. In Halliru ya faɗi, wahalar su biyun ta tafi a banza.

Kullum bayan la'asar Yelwa kan jiyo muryoyi biyu daga ɗakin karatu. A yi gyaran murya, a ce, "Kai, Halliru, koma baya." Ta ɗauka kaset ne, har takan share ƙwalla don tausayi.

Rannan ta kai masa kunu. Rikoda na can kan tebur, rufe da ƙyalle. Halliru na gaban allo, alli a hannun hagu, rubutu na gudu. Ta ajiye kunun.

"Malam, da wa kake magana?"

Ya juyo a hankali, ya dube ta kamar mai ƙoƙarin tuna sunanta.

"Ki bar mu, mun kusa."

"Don girman Allah ka haƙura da digirin nan. Wallahi tsoro nake ji."

"In na haƙura, wa zai cike gibin?"

Ranar da ya tafi jarrabawa Zariya, ta wuni tana yi masa addu'a. Washegari da azahar Haladu ya leƙo ta katanga yana washe baki.

"Uwargida, albishirinki! Malam ya ci. Yanzu na sauke shi a bakin gada, yana tafe."

Ta yi hamdala. Ta yanka zakara, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya. An gama, in ji zuciyarta. Mijinta ya dawo mata.

Ta ji takunsa ya shigo zaure, takun da ko a cikin kasuwa za ta gane. Ta miƙe da kwanon ruwa tana jira.

Takun ya tsaya. Ba a shigo ba.

Aka yi gyaran murya.

"Mai gishiri, ɗalibin nawa yana ciki?"