Kawu Hamani Ya Ja Totur

Ranar da aka ɗaga tutar 'yanci, Kimba direba ya ɗauko sabuwar babbar mota daga Bagudo zuwa Lolo. Kusa da shi kawunsa Hamani ne zaune, matuƙin kwalekwale wanda bai taɓa shiga gaban mota ba.

A hanya Kimba ya nuna masa maɓallai biyu baƙaƙe, iri ɗaya, dab da juna. Ya ja na dama, ya ɗage ƙafa daga totur, mota ta ci gaba da tafiya abinta.

"Kamar ruwan Kwara ke ɗauke da mu!" in ji Hamani.

"Wannan totur na hannu ke nan, Kawu. Na hagu na fitila ne."

Suka iso Lolo da almuru, mutane maƙil bakin hanya, ana ta kiɗa. Kimba ya ce, "Kawu, kunna musu fitila su sha kallo!"

Hamani ya damƙi na dama, ya fizge shi da ƙarfin mai jan igiyar jirgi, ya ƙi saki. Mota ta yi ruri ta wuce taron a guje, ba fitila, jama'a na guɗa sun ɗauka wasa ne. Kimba na ihu, yana taka birki, sai dab da iyakar ƙasar Dahomai ya ɓamɓare yatsun tsohon.

Suka tsaya cikin ƙura. Hamani ya laluɓo hularsa, yana dariya har da hawaye.

"Juya mu koma, ɗan nan. Ban ƙoshi ba!"