Gatarin Baltazar a Hannun Idalina

Muna gangarowa daga tudun da tumaki suke kiwo, ni a gaba, baƙina a baya suna ta ɗaukar hoton shamuwa, sai ga motar Kawu Hermínio ta yo kanmu a guje.

"Ku kauce!" na daka musu tsawa.

Motar ta wuce mu fuu. Kawu ke tuƙi, ma'aikacinsa Baltazar ne a gefensa, ya leƙo ta taga har kafaɗa, iska ta fizge hularsa.

"Idalina! Dulce ce! Naƙuda!"

Kafin in ce Allah ya sauke matar tasa lafiya, sun sha kwana.

Aikina ke nan duk lokacin zafi. In kwaso mutanen Lisbon da na ƙasashen waje, in zaga da su gonar Monte Pardo a ƙafa, su ga tumaki, su ga amya, su ɗanɗana burodin tanda, daga ƙarshe in kai su inda ake ɓare itatuwan sobreiro masu kaurin ɓawo, su ga asalin abin da ake toshe musu kwalabe da shi. Da baki nake cin abinci, amma hannuna gatari yake so. Babana ya koya mini tun kafin kafaɗarsa ta ƙi. Duk shekara sai na roƙi Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne babba a kan masu gatari, ya sa ni cikin mutanensa. Duk shekara amsarsa ɗaya ce.

"Ke dai ci gaba da surutunki, 'yar nan. Ƙatti ma nake kora in sun ji wa itace ciwo, balle ke."

Da muka isa wurin aiki, sauran masu gatari sun yi nisa cikin kwari. A wurin saura ƙaton itacen nan da muke kira Kaka, wanda mutum uku ba sa iya rungume shi. A kan reshensa Baba Zeferino ya yi hawan doki, farin gashin bakinsa na rawa, yana zagi shi kaɗai.

"Baba, lafiya kake zaune a sama kamar shamuwa?"

"Ina lafiya? Wancan sakaran ya tafi ya bar ni da rabin aiki. Sai ka ce shi ne zai haihu!"

Bibiyu ake wannan aiki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma Baltazar ne na ƙasansa. Na duba, na ga tsohon ya riga ya zagaye wuyan Kaka da sara, ya buɗe rassan. Gangar jikin ce ba a taɓa ba.

"Kin ji iskar?" ya ce.

Na ji ta. Ta fara tasowa daga wajen Sifaniya, zafi kamar an buɗe tanda. In ta kankama, ɓawo zai manne ya ƙi saki, Kaka ta zauna rabi a tuɓe rabi a rufe.

"Ga gatarinsa can ya yar. Ɗauki."

"Kawu zai kashe ni."

"Kawunki yana hanyar asibiti da mahaukaci a mota. Ke ba 'yar Custódio ba ce? Ko surutun kawai kika gada daga wajen uwarki?"

Wata baƙuwata, Dona Amélia, 'yar Lisbon mai farin takalmi, ta matso. "Wai ke ma kin iya? Ai na ɗauka labari kawai kike ba mu."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na cire hular jagoranci na miƙa mata. "Riƙe mini, Dona. Kowa ya koma bayan tulin ɓawon can, kada a matso."

Gatarin ya yi mini nauyi a ɗaukar farko, sannan ya zauna a hannuna. Na nemi tsaga mafi zurfi a jikin ɓawon, na ɗaga, na sauke. Tim! Na murɗa bakin gatarin kaɗan. Sai na ji wannan amo da Babana ya sa na saurara har na gaji, amon abu mai rami a ciki. Kaka tana saki.

"Ta amsa!" Zeferino ya yi ihu daga sama. "Bi ta ƙasa, kada ki tsaya kallon kanki!"

Na bi tsagar, sara bayan sara, ina tsayar da hannu kafin ƙarfen ya taɓa fatar ciki. Abin tsoron ke nan a aikinmu. Fatar nan ita ke sake haifar ɓawo a shekara tara. In ka yanke ta, tabon yana nan har jikokinka su gani su tambayi wanda ya yi.

Na juya gatarin, na zura fiƙaƙƙen ƙarshen ƙotar a cikin tsagar, na danna. Ɓaras! Zeferino ya tokara da diddige daga sama. Falle guda, ya fi ni tsawo, ya rabu da jikin Kaka ya kwanta a ciyawa. Ƙanshin ɗanyen itace ya bugi hancina. Baƙi suka ɓarke da tafi.

"Kada ki kula su," in ji tsohon. "Waɗannan ko atishawa kika yi za su tafa."

Na biyu ya fito, na uku ya fito. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, ina dariya ban san dalili ba. Ina cikin sarar na ƙarshe na ji tafin ya mutu. Na waiga.

Kawu ne. Ya sauke Baltazar ya dawo. Ya jingina da motarsa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, hula ta rufe masa rabin fuska.

"Hermínio, ni na sa ta," Zeferino ya fara.

Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ni yake kallo. "Wa ya ce ki tsaya? Kin buɗe ta, ki ƙarasa."

Na goge hannuna a wando, na koma. Wannan fallen shi ne mafi faɗi, na gefen da rana ke duka tun safe. Sama ya saki lafiya. Tsakiya ta saki. Da na iso daidai gwiwata, ƙotar ta tsaya cik.

Na danna. Shiru. Na ƙwanƙwasa da bayan gatarin, amon ya fito a toshe. Iskar ta riga ni zuwa wurin nan, ɓawon ya manne.

"Ja shi!" wani dogo cikin baƙin ya ce. "Saura kaɗan!"

"Ja, Idalina, ja!" Dona Amélia na tsalle da farin takalminta.

Na san in na sa ƙarfi zai fito. Zai fito falle guda, irin wanda ake tsayarwa a ɗauki hoto, a gaban Kawu kuwa. Amma zai taho da fatar Kaka a bayansa. Na ɗaga kai. Zeferino, wanda bakinsa bai huta ba tun zuwanmu, ya kau da kai yana kallon sama, ya bar mini shawara.

Na zare ƙotar. Na juya gatarin, na datse fallen a saman wurin da ya manne. Ya faɗo guntu, gefensa a karkace. A gindin Kaka wani baƙin faci ya zauna, mummuna, kamar safa ɗaya a ƙafar tsohuwa.

"Ayya," baƙin suka ce baki ɗaya.

Kawu ya taso. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin itacen, ya fara zagayawa a hankali, yana shafa, yana sa ido kamar mai neman ƙaya. Ya tsuguna gaban facin, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya saurara. Ya miƙe. Ya sake zagayawa.

Sai ya tsaya cak. "Wannan fa?"

Na matsa in gani. Wani ɗan ƙwarzane ne siriri, amma can sama, inda ko na yi ɗage gatarina ba zai kai ba.

Duka muka ɗaga kai.

"Baltazar ne!" Zeferino ya ce da sauri. "Wallahi tun safe hankalinsa ba ya jikinsa."

"Baltazar a ƙasa yake aiki, tsohon banza."

"To, tsalle ya yi. Mutumin da matarsa ke naƙuda me ba zai yi ba?"

Dariya ta ƙwace wa Kawu, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari. Ya juyo gare ni yana gyara hula.

"Me ya sa kika bar wancan?"

"Ya ƙi, Kawu."

"Na ji ya ƙi. Kin ɓata falle mai kyau."

"Na ɓata."

Kafin ya sake magana wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya kara a kunne, ya janye ta da sauri, don muryar Baltazar har bayan tuli ana jinta.

"Biyu ne! Biyu! Mace da mace! Ku gaya wa Zeferino ya sauko ya yi rawa!"

Wuri ya kaure. Baƙin da ba su san Dulce ba suka rungume juna. Zeferino ya sulalo daga kan reshe, ya kama Dona Amélia ya juya ta sau biyu, farin takalmin ya koma ja da ƙasa, ita kuwa sai ƙyaƙyatawa take. Can cikin kwari sauran masu gatari suka jiyo, suka ɗauki waƙa da manyan muryoyinsu.

Ni ban motsa ba. Gatarin yana hannuna, ina jiran hukunci.

Kawu ya mayar da wayar aljihu. Ya ƙwala kira wajen inuwar da Inna Perpétua ke dafa wa ma'aikata abinci, inda kowane mai gatari ke da tasa 'yar tukunyar ƙasa a bakin wuta.

"Perpétua! Gobe ki matsa tukwanen nan, za a ƙara ɗaya!"

"Ta wa?" ta amsa daga nesa.

"Ta wannan mai taurin kan!"

Ihun da na yi sai da tumaki suka watse a kan tudu. Na rungume shi da gatarin a hannu.

"Ke, ajiye abin nan kafin ki cire mini kunne! Kuma ba don Baltazar ba ya nan ba ne. In ya dawo ma kina ciki, sai mu ga wanda zai iya jure bakinki."

"Ni na riga na ɗauke ta," in ji Zeferino. "Baltazar ya je ya yi wankin tsumma."

"To mu fa?" Dona Amélia ta tambaya tana haki. "Wa zai mayar da mu wajen mota?"

Na duba baƙina, na duba itacen gaba, wanda ke gangare inda iska ba ta kai ba tukuna. Zeferino har ya saɓa tsaninsa ya nufe shi.

"Kuna sauri ne?" na ce.

Ba wanda yake sauri. Dogon nan ya ɗauki jarkar ruwa, Dona Amélia ta kafa hulata a kanta ta shige gaba, tana ce wa sauran kowa ya bi a hankali kada a matso. Na saɓa gatarin na bi tsohon da gudu.