Jajayen Huluna a Bakin Kududdufi

Ni na ɗinka hulunan, kuma kar wanda ya sake ce mini ƙaddara ce. Na san ƙaddara, ba yau na fara sallah ba. Amma keken ɗinkin Babana na hau a shagonsa na unguwar Congo-Russia, da ƙafata na taka shi, huluna goma sha biyu, jajaye wur.

Sunana Salma. Shekara uku ke nan da yayana Mahdi ya nutse a ɗaya daga cikin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Naraguta, abokansa bakwai na tsaye a baki suna ihu, babu wanda ya iya ruwa. Shi ya sa da Boluwatife, ɗan ajinmu daga Kabong, ya ce mu kafa ƙungiyar ɗalibai ta koyon iyo da ceto, ban bari ya rufe baki ba. Bolu a Badagry ya tashi wajen kakarsa, cikin ruwa ya yi wayo. Hausarsa kuwa sai haƙuri, ni ma "kai" yake ce mini, duk faɗan da na yi masa a banza.

Wata biyu muna zirga-zirga da takardu, a kawo dokokin ƙungiya, a kawo sa hannun malami, a dawo jibi. Ranar da aka buga mana hatimi sai da na yi guɗa a baranda. Bolu ya ce a samo huluna masu ɗaukar ido, yadda za a hango kan mutum a cikin ruwa, sai na tuna ragowar jan yadi a ƙarƙashin teburin Baba. Ni daga gida nake zuwa makaranta, in gama lacca in kama hanya, ina na san wace hula ce ta wace ƙungiyar asiri? Ƙawata Simisola ta yamutsa fuska ta ce, "Salma, ja fa?" Na ce in ba ta so ta je ta ɗinko tata. Bakina ke nan, ba ya jira in yi tunani.

Asabar da hantsi muka taru a kududdufin da ke bayan gonakin kabeji. Bolu ya ce yau ko ɗan yatsa ba wanda zai tsoma.

"Kowa ya ji ni," in ji shi. "In mutum yana nutsewa, kar ka faɗa, zai ja ka ku tafi tare. Ka ɗaura jarka a igiya, ka jefa masa."

Muka yi ta jifa muna dariya. Daga nan mazan suka tuɓe riguna, suka kwanta rubda ciki a jere a kan ƙasa suna koyon bugun hannu da ƙafa. Bolu na tsaye a kansu, igiya a kafaɗa, usur a baki, kowa da jar hula.

Abin da ba mu sani ba, kwana shida kafin nan wasu masu jajayen huluna sun tare ƙanin Datti, wani manomin wurin, a hanyar gona, suka sassare shi har ya mutu.

Injin ban ruwa ne ya fara yin shiru. Sai muka ji "Ga su nan! Suna rantsar da sababbi!" Kafin mu waiga manoma sun fito daga cikin kabeji, sun fi ashirin, da gorori da adduna da fartanyu. Wani ya sauke wa Taofeek, ɗan ƙungiyarmu, gora a gadon baya yana kwance, na ji ƙarar kamar an doki buhun masara. Wani ya tsarge jarkarmu da adda. Simisola ta ruga, aka finciko ta da gashi.

Na zaro takardarmu daga jaka na nufi Datti, shi ne babba a cikinsu, idonsa jajur.

"Baba, don girman Allah duba! Ɗalibai ne mu, ga hatimi!"

Marin da ya yi mini sai da na ga wuta, takardar ta faɗa cikin taɓo. Ya fizge igiyar daga kafaɗar Bolu ya ɗaga sama.

"Wannan kuma ta mece ce? Da ita kuke ɗaure mutane?"

"Oga, wallahi iyo ne muna koya," in ji Bolu, ya ɗaga hannuwa sama.

Hannun damansa suka fara samu. Ƙotar fartanya ta sauka a kai, na ji ƙas, na ga hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Bolu ya yi wata ƙara da har yau take tashina. Suka rufar masa, shi ne shugaba, shi ne mai usur. Ban san yadda ya kuɓuce ba, na dai gan shi jina-jina ya ruga ya faɗa kududdufin, wurin da ya tabbata ba mai bin sa.

Ba su bi shi ba kuwa, duwatsu suka ɗiba. Yana jan ruwa da hannu ɗaya, jar hular nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar ruwa, ana hango ta sarai, yadda ya ce. Dutse ya same shi a ƙeya. Kansa ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa.

Na daka tsalle na kama hannun Datti na gartsa masa cizo har na ji gishirin jini a bakina, ya saki igiyar. Babu jarka. Na naɗe igiyar yadda Bolu ya nuna mana da safen nan, na jefa. Ba ta kai ba. Na jawo, na sake jefawa, ta faɗa a kafaɗarsa. Ya kama da hagu. "Ku ja!" na ce, Taofeek ya rarrafo muka ja. Taku uku muka ja shi, sai igiyar ta zo mana sakayau.

Mu goma sha ɗaya a bakin ruwa, 'yan ƙungiyar ceto, babu wanda ya iya iyo. Na yi ta kiran sunansa, Simisola ta ce daga baya sunan Mahdi nake kira. Lokacin da motar 'yan sanda ta iso babu ko manomi ɗaya a wurin, sai kabejin da aka tattake.

Washegari masunta suka ciro shi.

Na je gaisuwa Kabong da kumburarren kunci. Mahaifiyarsa, Mama Iyabode, tana zaune a tabarma, 'yan coci sun kewaye ta. A cinyarta akwai ledar da 'yan sanda suka kawo, usur ne a ciki da hular, ba ta ma gama bushewa ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya hular tana duba ɗinkin ciki, ita ma tela ce.

"'Yata," ta ce, "ba na kasuwa ba ne wannan. Wa ya ɗinka wa ɗana wannan abu?"

Simisola ta matse mini hannu, wai in yi shiru. Na zare hannuna.

"Ni ce, Mama."